Shanyewa, Tsanewa, Naso da Fami: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Ɗaurin Ciwo

Wata ɗaliba mai koyon aikin jinya ta rubuto tana cewa: "Malam, idan zan yi wa majinyaci bayanin bandejin da ke ɗauke ruwan ciwo, wace kalma ce daidai? In ce yana tsotsewa, ko shanyewa, ko busarwa?"

Malama, biyun farko duk sun yi, ta ukun ce nake so ki kiyaye. Tsotsa jan ruwa ne a hankali ta 'yar kafa, shi ya sa ta dace da yadda zaren ƙyalle ke jan ruwa. Shanye daga sha ta fito, tana nuna an ɗauke ruwan an riƙe shi a ciki. Busarwa kuwa raba abu da danshi ne gaba ɗaya har ya yi ƙayau, kuma ba wannan ake nema a ciwo ba. Kalmar da ta fi kama abin da ake so ita ce tsanewa. Idan aka ce kayan wanki sun tsane, ruwan ya daina ɗiga amma da sauran danshi. Ciwon da ya tsane shi ke saurin haɗewa.

A 1962 wani masanin Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu, ya ga ciwon da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari iska ta busar. Dalili shi ne ƙwayoyin sabuwar fata rarrafe suke yi a kan damshin nama daga gefe zuwa tsakiya. In ɓawo ya bushe a sama, sai sun kutsa ta ƙarƙashinsa, tafiyar ta yi nawa. Don haka mai cewa "a bar shi ya sha iska" da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Kayan shanyewar kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ƙyallen asibiti mai raga-raga yana tsotsa, sai dai ba ya riƙewa, da an danna ruwan ya dawo. Akwai na aljinet, wanda ake yi daga ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa. Yana iya shanye ruwan da ya ninka nauyinsa sau 15 zuwa 20, ya rikiɗe ya zama abu mai yauƙi, domin sinadarin kalsiyam da ke cikinsa yana musanya da sodiyam na ruwan ciwon. Na ciwo mai zubar ruwa sosai ne, kuma dole a ɗora wani bandejin a kansa. In aka sa shi a busasshen ciwo bai sami abin sha ba, sai ya manne. Akwai na soso, mai ɗaukar ruwa matsakaici zuwa mai yawa, yana kuma tare wurin daga gugar tufa. Akwai mai ƙunshe da garin foliyakirilet, irin wanda ke cikin kunzugun jarirai na zamani, shi in ya kama ruwa ba ya saki ko an matsa. Sai siririyar leda mai ɗanko da ake ganin ciwo ta cikinta, wadda ba ta shan komai, aikinta rufewa kawai.

Wani mai karatu ya ce: "Mene ne bambancin rauni, miki da gyambo? Kuma duk ruwan da ke fita daga ciwo mugunya ne?"

Rauni shi ne wanda aka ji, na yanka ko faɗuwa ko haɗari. Miki buɗaɗɗen ciwo ne da fata ta salube nama ya bayyana. Gyambo mikin da ya daɗe ya ƙi warkewa, galibi a ƙafa. Ciwo kuwa uwa ce, ta rufe su duka.

Tambayarka ta biyu ta fi muhimmanci. A'a, ba duka ba ne mugunya. Ruwa garai-garai mai ɗan rawaya, ko mai ɗan jaja-jaja a kwanakin farko, ruwan ciwo ne, jiki ke tura shi don wanke wurin da ciyar da sabon nama. Mugunya, wadda wasu ke kira diwa, mai kauri ce, fara ko rawaya ko kore, sau da yawa da wari, tare da zogi, kumburi da zafin wurin. Akwai wani bandeji mai kamar danƙo da ake kira haidirokoloyid, wanda kan yi har kwana 7 a jiki. Idan aka ɗaga shi akan tarar da wani abu rawaya mai ɗan wari, mutane su tsorata. Narkewar bandejin ce. A wanke tukuna, sannan a duba naman kafin a yanke hukunci. Amma in mugunyar gaske ce, ba a rufe ciwo da irin wannan bandejin.

Wata baiwar Allah da ke jinyar mahaifiyarta ta tambaya: "Na ji ana cewa wani ya fama wa wani tsohon miki. Daga ina maganar ta samo asali? Kuma kullum in na cire audugar da na sa wa Mama sai jini ya fito."

Hajiya, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ki ladan jinya. Abin da kike gani shi ne ainihin fami. Fami taɓa ciwon da ya fara warkewa ne har ya dawo ɗanye. Daga nan aka ari kalmar ga wanda ya tuna wa mutum baƙin cikin da ya fara mantawa. Ba ɗaya take da fama ta "fama da aiki" ba, rubutu ne ya haɗa su, a baki karin sautinsu daban.

Auduga tsurarta ba a ɗora ta a kan buɗaɗɗen ciwo. Zarenta yana shiga cikin sabon jan naman da ke tasowa, ruwan ciwon ya bushe ya ɗaure su tare. Kina ja, kin tuge aikin da jiki ya yi tun jiya, kuma zaren da ya rage a ciki ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta. Tun 1880 likitan tiyata Sampson Gamgee na Birmingham ya fito da dabarar sa auduga tsakanin ƙyalle biyu, don ta yi shanyewarta ba tare da ta taɓa nama ba. Ga yadda za ki yi. Ki wanke hannu da sabulu, ki sa safar hannu. In abin ya manne, kada ki fizga, ki jiƙa shi sharkaf da ruwan gishiri na asibiti, wanda ke da giram 9 na gishiri a kowace lita, ki jira 'yan mintoci har ya saki da kansa. Ki ɗaga daga gefe kina tallafe fatar da ɗaya hannun. Ki wanke ciwon da ruwan gishirin, ki tsane fatar kewaye kawai. Sannan ki fara shimfiɗa abin da ba ya mannewa, kamar ƙyallen asibiti mai man farafin, wani mai ne irin basilin, kafin mai shanyewar ya hau, ya zarce bakin ciwon da santimita 2 ko 3 ta kowane gefe. Sifirit kuwa a bar shi ga lafiyayyar fata, cikin miki ƙona sabon nama yake yi.

Wuri ɗaya ne ba a ɗagawa sam: sabon rauni mai zubar jini. In ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa a ci gaba da dannawa minti 10 ba tare da leƙawa ba, don cirewa na ɓalle gudan jinin da ya fara toshe wurin.

Tambaya ta ƙarshe daga wani malamin makaranta ce: "Ana cewa rikici ya yi naso zuwa maƙwabta. Mene ne naso a asali?"

Naso shi ne danshi ko maiƙo ya ratsa abu a hankali har ya bayyana ta ɗaya gefen, ko ya bazu ya wuce inda ya faro. A ɗaurin ciwo kalmar tana nan da ma'anarta ta asali, kuma ita ce alamar canji. Da zarar ruwa ya yi naso ya fito bayan bandeji, ko ya kusa kai bakinsa, an sami jiƙaƙƙiyar hanya daga waje zuwa cikin ciwo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to naso tsaga ce. Ba a jiran ranar da aka sa, a canza nan take.

Nason yana kuma komawa kan fatar kewaye. Za ka ga ta yi fari ta yi taushi ta tattare, kamar yatsun wanda ya daɗe hannunsa cikin ruwa, daga nan ta fara salubewa ciwon ya ƙara faɗi. In an ga haka, ko bandejin ya yi wa ruwan kaɗan, ko ana jinkirin canji. A koma ga mai ƙarfin shanyewa, a shafa wa fatar kewaye man zink siriri don ya tare ta. In ciwon rami ne ana cusa masa abin shanyewa, kada a danƙara, kuma a ƙirga guda nawa aka sa a rubuta, don a fitar da su cif.

Bandeji ruwan yake ɗauka, ba ya tsayar da maɓuɓɓugarsa. Gyambon ƙafa da jijiyoyin mayar da jini suka gaza yana bukatar ɗauri mai matsewa, wanda ma'aikacin lafiya ne kaɗai zai sa bayan ya auna gudun jinin ƙafar. Mai ciwon sukari da ya ga ko ɗan ƙaramin miki a ƙafa, ko duk wanda ruwan ciwonsa ya ƙaru farat ɗaya, ko ja ya fara bazuwa, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti zai nufa a ranar.