Likita, mene ne "hyaline" ɗin da aka rubuta a takardar gwajin fitsarina?

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Na yi gwajin fitsari a wani lab nan cikin gari saboda ciwon baya, sai na ga an rubuta hyaline casts, yaron da ya miƙo min takardar ya ce sai dai in kai wa likita, ni kuwa wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba, kar dai ƙodata ce ta fara taɓuwa.
Maman Hanifa, Kurna

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Hanifa, ki kwantar da hankalinki. Hayalin ba sunan cuta ba ne. Asalinsa daga Girkanci ne, ma'anarsa gilashi, kuma mu likitoci muna kiran duk wani abu na jiki da ya fito sumul yana ɗaukar ido kamar gilashi a ƙarƙashin maikiroskop da wannan suna. Kin ga farin guringuntsin nan mai sheƙi da ke bakin ƙashin kaza? To irinsa ne a gwiwarki da hancinki da maƙogwaro, shi ma hayalin ake ce masa, kuma lafiya ce ba ciwo ba.

Na fitsari kuwa wani furotin ne da ƙoda da kanta take yi, idan fitsari ya yi kauri sai ya daskare cikin 'yan siraran bututun ƙodar ya fito da siffarsu, kamar yadda ƙanƙara ke ɗaukar siffar ledar da aka ƙulla ta. Rashin shan ruwa na kawo shi, zazzaɓi na kawo shi, aikin ƙarfi ma haka, har da magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari, balle a zafin Kano na watan Afrilu ko lokacin azumi, ai mutum lafiyarsa ƙalau ma za a iya ganin ɗaya ko biyu.

Abin da ni zan fi dubawa shi ne sauran takardar, akwai furotin? Akwai jini? In suna nan, ko kina ganin kumfa sosai a fitsari, ko ƙafa da fuska na kumbura da safe, to kar ki tsaya sayen magani a kemis, ki je asibiti a auna miki jini da suga a duba aikin ƙoda. In babu ko ɗaya ki riƙa shan ruwa sosai, ki sake gwajin bayan sati biyu, ciwon bayan kuma a duba shi daban.