Amsar Kawu kan saƙon bashin da ake turo wa mutane

Assalamu alaikum jama'ar gida. Anti, na saurari muryarki tun da safe, shago ne ya riƙe ni. Kin ce wata lamba da ba ki sani ba ta turo miki hoton yaron nan na maƙwabtanku, an rubuta ɓarawo ne, ya ci kuɗin kamfanin bashi ya gudu, wai ke ce kika tsaya masa. Kina tambaya ina suka samu lambarki, kuma ko za a zo a kama ki.

To ki kwantar da hankalinki tukuna. Ba wanda zai kama ki. Ba ki sa hannu a takarda ba, ba ki ci ko sisi ba. Tsayawa mutum a bashi ba a yin ta sai da saninki da yardarki. Barazana ce kawai, so suke ki tsorata ki je ki matsa wa yaron ko uwarsa.

Lambarki kuwa, a wayar yaron suka ɗauka. Shi ma ina jin bai san ya ba su ba. Waɗannan manhajojin bashi, da zarar mutum ya sauke ya buɗe, sai su fara tambaya: a ba mu damar ganin lambobin da ke wayarka, a ba mu damar hotuna, a ba mu damar saƙonni. Mutum yana cikin matsuwa, kuɗin magani ko na makaranta yake nema, ba karatu zai tsaya yi ba. Allow, Allow, Allow, ya wuce. A wannan lokacin an kwashe duk sunan da ya taɓa ajiyewa, daga surukarsa har limamin unguwarsu, sun koma kwamfutar kamfanin. Ko ya goge manhajar gobe, aikin gama ya gama.

Bara wani magidanci ya kawo min waya nan kasuwar waya ta Farm Centre, wai in goge masa komai. Hannunsa har rawa yake. Dubu ashirin ya nema, abin da ya shigo asusunsa bai kai dubu goma sha biyar ba, sun cire nasu tun daga sama, kuma kwana bakwai suka ba shi ya biya ashirin cif. Ya ƙara kwana biyu kacal. Wallahi da idona na gani, sun ɗauki hoton da ya yi lokacin rajista, sun rubuta sanarwar rasuwa a ƙasa, sun tura wa mutanensa. Ƙanwarsa da ke aure a Zariya ta kira gida tana kuka. Ya ce min, "Malam, kuɗin ba su dame ni ba, da wane ido zan kalli surukina?" Na goge wayar, amma na gaya masa gaskiya: lambobin ba sa hannuna, ba sa hannunsa.

Abin da nake so mu gane ke nan, musamman ku yaran gidan nan. Lambobin da ke wayarka ba naka ba ne kai kaɗai. Anti ta ba ka lambarta ne don zumunci, ba don ka kai ta jingina ba. Maganar riba ma daban, wannan na bar wa Malam, ya fi ni sani.

Kuma kar ku ɗauka babu doka. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani, NITDA, ta ci wani kamfanin bashi tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan tura saƙo ga mutanen da ba ruwansu. A watan Maris na 2022 hukumar kare masu sayen kaya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas, daga baya ta ce dole kowannensu ya yi rajista da ita. Google ma daga ƙarshen Mayun 2023 ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane. A Yunin 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, akwai hukumarta, NDPC. To me ya sa abin bai ƙare ba? Saboda ɓata-garin cikinsu sun bar ƙofar gaba. Yanzu link suke turowa ta WhatsApp ko Facebook, ka danna ka sauke kai tsaye, ba mai dubawa. An rufe su da wannan suna, gobe su fito da wani.

Anti, ga abin da za ki yi. Kar ki ba su amsa, kar ki zage su, in suka ga kina magana sai su ƙara ƙaimi. Ki sa Ummi ta ɗauki hoton saƙon yadda lambar za ta fito, ki ajiye, sannan ki toshe su. Da wannan hoton ake kai ƙara FCCPC, in yaron yana so zan taimaka masa ya rubuta. In wani ya kira ya ce ki karanto BVN ɗinki ko wata lamba da ta shigo wayarki don a cire sunanki, ki kashe wayar kawai.

Don Allah kuma kar kowa ya tura hoton yaron nan wani guruf, ko da da niyyar tambaya ce. Aikin da suke so a yi musu ke nan kyauta. Na ga an riga an sa shi a nan, wanda ya sa ya goge.

Wanda ya san ya taɓa sauke irin manhajar nan, ba sai ya faɗa a nan ba. Ya same ni a shago bayan la'asar in duba masa saitin wayar. Ga mutane na jira, sai anjima.