Kafin ka zargi katako, duba tsirkiya

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa amon jitar da aka kawo gyara ya dushe alhali babu tsaga a jikinta, ko katakon ne ya gaji. Bar katako tukuna, fara da tsirkiya.

Tsirkiyoyin nan masu kauri, waya ce a ciki aka naɗe ta da wata siririya ta tagulla. Gumin hannu da maiƙo da ƙura kan shige tsakanin naɗin su daskare, sai tsirkiya ta daina kaɗawa sosai. Siririn sautin nan mai zaƙi shi ke fara mutuwa, a bar ka da amon da ba ya jimawa. Zura yatsa ta ƙarƙashinta ka ja. In ka ji kaushi, ko yatsan ya fito baƙi, ko ta lotsa inda take gugar ƙarafan wuya, ta gama aiki. Sannan danna ta a kan ƙarfen wuya na 12, tsakiyar tsawonta ke nan. Kamata ya yi ka ji sautin da take bayarwa a sake, sai dai ya hau sama. In tsatsa ta ci wani sashe, nauyinta ya bambanta daga wuri zuwa wuri, sai ka wuni kana saiti ta ƙi zama.

Abin da aka yi ta da shi ma yana magana. Ƙarfe na da kaifi da ƙara, nailan na da taushi. Tsirkiyar hanjin dabba ta fi daɗi a kunnena, amma da iska ta yi laima saitinta ya goce. Kada ka kuskura ka ɗaura na ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan: na ƙarfe shida suna jan kusan kilo 70, na nailan kusan 40. Jaki, wato ɗan katakon da ke riƙe da tsirkiyoyi a fuskar jita, zai ɗago, wuya ya lanƙwashe.

Sai tsirkiya ta fita daga zargi za ka koma kan jiki. Fuskar jita ba ta wuce kaurin milimita 2.5 zuwa 3 ba. In ta fi haka, ko aka lafta mata fenti, ta kurumce. Danshin ma'ajiyarta ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, don katakon da ya sha laima ba ya amsawa, wanda ya bushe ƙayau kuma tsagewa yake. Ɗan ƙashin da ke kan jaki ya zauna daram, ba rata a ƙasansa.

Yanzu canza mata tsirkiyoyi ɗaya bayan ɗaya. In nailan ne, faɗa wa mai ita za su yi 'yan kwanaki suna miƙewa kafin saiti ya zauna, kuma ya riƙa goge su da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa.