Ƙanena, kar a taɓa shanun huɗar nan

Wa alaikumus salam ƙanena, ya gida ya su Baba da Inna, ya damina, ya kuma ɗalibanka na yamma. Na saurari saƙonka na murya har ƙarshe. Abun da na fahimta shine ka gama NCE a Gumel, Turanci da Hausa, da safe kana firamare da yamma kuma kana ajin yaƙi da jahilci na magidanta, sai wani ejan ya ce in ka biya shi zai samo maka satifiket ɗin koyar da Turanci ta intanet cikin sati biyu sannan ya nemo maka aiki a Ingila, kuɗin kuma ba zasu haɗu ba sai an saida shanun huɗa da ɓarin gonar fadama. Kace in faɗa maka gaskiya tunda aikin da nake yi kenan a nan Ingila. Toh gaskiyar ita ce kar ka bashi ko sisi.

Bari in gaya maka yadda aikin yake. Koyar da manya Turanci a nan ESOL ake ce masa, ana yi a kwalejoji da cibiyoyin unguwa, wani lokacin har a ɗakunan masallaci ko coci, ɗaliban kuma 'yan gudun hijira ne da matan da aure ya kawo su da masu aikin ƙarfi, daga Sudan, Somaliya, Afganistan, Siriya, Iritiriya da sauransu. Aiki ne mai albarka wallahi, amma da yawan malaman awa ake biyansu, in babu aji babu kuɗi, lokacin hutun bazara kowa ta kansa yake yi. Ita kuwa bizar aiki sai ma'aikatar da gwamnati ta ba lasisin ɗauko mutum daga waje ta ɗauki nauyinka da albashin da ya kai wani adadi, kaga wa zai yi duk wannan wahalar akan aikin awa goma a sati alhali garin cike yake da waɗanda da Turancin aka haife su? Akwai dai hanyar da aka buɗe a 2023 wa malaman wasu ƙasashe harda Najeriya su nemi shedar koyarwa ta Ingila, amma ta masu digiri ce da ke koyar da 'yan sakandare lissafi ko kimiyya ko wasu harsuna irin Faransanci, Turanci baya ciki, ajin manya ma baya ciki. Nasan da wannan labarin ejan-ejan suke ruɗar mutane, sai su faɗi rabi su haɗiye rabi.

Shi kuma satifiket, guda biyu ne aka fi yarda dasu a matakin farko, CELTA na Cambridge da CertTESOL na Trinity. CELTA wajen awa 120 ne, sati huɗu zuwa biyar in kullum zaka yi, kuma dole ka koyar da ɗalibai na gaske tsawon awa 6 malami na zaune yana kallonka yana rubuta kurakuranka, ana iya yinsa ta intanet amma sai kana da data da wuta masu tsayawa, kuɗinsa a nan ya haura fam 1,000. Ka tambayi mutumin nan tambaya ɗaya tak, wa zai zauna ya kalle ni ina koyarwa? In ya fara kame-kame ka san takarda ce kawai mai ado zai buga maka. Kuma ko CELTA ɗin na gaske baya bada biza.

Maganar karatu kuma, da NCE ba zaka shiga digiri na biyu a nan ba, sai ka fara yin digirin farko, wannan kuwa a gida ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin manya guda, kana iya neman shiga aji biyu kai tsaye ta JAMB da NCE ɗinka, ga Jami'ar Sule Lamido nan a Kafin Hausa kusa daku, ga NOUN, jami'ar karatu daga gida, in baka son barin aiki. Ka tabbatar rajistarka ta TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, na hannu. Bayan nan ne tallafin karatu zai fara kallonka. Chevening, tallafin digiri na biyu na gwamnatin Ingila, yana biyan kuɗin makaranta da jirgi da na zama na shekara ɗaya, sharaɗin shine digiri da aikin shekara biyu, awa 2,800 suke ƙirgawa, sannan ka koma gida aƙalla shekara biyu bayan ka gama, wajen watan Agusta suke buɗewa kuma ba'a biyan kowa kuɗin fom, sai dai ka riƙa karanta sharuɗɗan duk shekara don suna taɓa su. Amurka ma tana da wani shirin Fulbright da ake kai matasan malaman Turanci su koyar da harshensu a jami'o'in can wajen wata tara, Hausa na cikin harsunan da aka saba ɗauka daga Najeriya, shima sai da digiri, kuma dokar bizarsu bata zama waje ɗaya kwanan nan. IELTS, jarrabawar gwada Turanci, kar ka yi gaggawar rubutawa, shekara biyu kawai sakamakon yake yi, yawancin jami'o'i 6.5 suke nema.

In kuma da aljihunka zaka zo, kuɗin makaranta kaɗai daga wajen fam 15,000 ne zuwa sama, ga kuɗin lafiya fam 776 duk shekara, ga kuɗin zama da dole su kwana 28 a asusunka kafin ka nemi biza, aiki kuma awa 20 ne a sati lokacin karatu, sannan tun Janairun 2024 mai zuwa digiri na biyu na zaman aji baya tahowa da iyali, ma'ana maiɗakinka da yarinyar a gida zaka barsu. Ka buga lissafin da canjin yau ka gani ko shanun garinku kaf zasu biya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga inda nafi so ka tsaya ka saurare ni, don a muryarka naji kamar ka raina ajin nan naka na yamma, kana cewa wai zaman banza ne alawus ma sai a yi watanni ba'a gani ba. Alawus ɗin kam abun takaici ne, bana musu. Amma abun da kake yi a ƙarƙashin darbejiyar nan shine abun da ya fi ba malamai wuya a nan. Malami zai zo da digiri biyu ya iya koyar da likita ɗan Siriya Turanci tsaf, amma a kawo masa mutumin da bai taɓa zama a aji ba ko da harshensa sai ya rasa ta inda zai fara. Akwai wata dattijuwa 'yar Afganistan da aka turo ajina, ta yi zango guda a wani ajin ana miƙa mata takardu masu akwatuna wai ta cike, ita kuma biro ma a dunƙule take riƙe shi, in ta tashi rubutu bata san layi na da amfani ba, in aka kira sunanta sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Ni da na ganta iyayenmu na gani. Muka ajiye takardun, na sa ta zana harafin farko na sunanta da yatsa akan tebur sau da yawa kafin ta taɓa biro, sannan lambar motar da take hawa zuwa asibiti, sannan sunayen jikokinta a waya. Wannan ilimin a ajin yaƙi da jahilci na koyo shi kafin in san jirgi. Har ƙungiya guda masana suka kafa a 2005 akan irin waɗannan ɗaliban, LESLLA, suna taro duk shekara kuma takardun da ake gabatarwa suna nan kyauta a shafinsu. Mu kuwa tun shekarun 1950 ake yaƙi da jahilci a Arewa, a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya ta Kano lokacin Jigawa na ciki, har UNESCO ta bata lambar yabo. Gadon da ka tarar kenan.

Kayan aiki kuma da yawansu wayarka ta isa. British Council suna da shafin TeachingEnglish, akwai tsarin darasi da bidiyon malamai a aji da kwasa-kwasai kyauta da ake bada sheda in ka kammala. BBC Learning English don kunnenka da lafazinka kai kanka. African Storybook akwai gajerun labarai da Hausa da Turanci, na yara ne dai, ka zaɓi waɗanda magidanci ba zai ji an raina shi ba. Ranar da ka shiga Gumel inda sabis ke da ƙarfi ka sauke su a waya, ka wuce wajen mai hoto ya buga maka shafi biyu uku. Sai dai ka sani masu rubuta kayan nan aji mai wuta da majigi suke hangowa, da ɗalibin da ya riga ya iya karatu, don haka dabarar zaka ɗauka ba darasin gaba ɗaya ba.

Wadda nafi amfani da ita ma bata bukatar littafi. Ka ce wani a cikinsu ya baka labarin yadda ya kai raguna kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka rubuta jimla uku a allo daidai yadda ya faɗa kar ka gyara masa, ku karanta tare kana nuni da yatsa, sannan ka rubuta kalmomin a guntayen kwali ka barbaza su ya jera da kansa. Zai karanta don maganarsa ce. Da Hausa zaka fara, sai karatun ya zauna sannan Turanci ya shigo, kuma Turancin da zai musu aiki gobe, saƙon banki da ke shigowa in an je wajen mai POS, rubutun kwalin magani, buhun taki. Kuma dan Allah ka tambayi waɗanda suka yi allo, mutumin da ke karanta ajami ya riga ya san harafi na ɗauke da sauti, rabin aikin ya ƙare, ka rubuta masa sunansa da ajami a sama da boko a ƙasa kaga yadda zai kama da wuri.

Ka sayi littafi mai bango mai kauri ka riƙa rubuta komai, ranar aji, mutum nawa suka zo, me aka yi, wa ya fara rubuta sunansa, me ka gwada bai yi ba. Ka nemi jami'in ilimin manya na ƙaramar hukuma ya baka takardar shedar cewa kai ke riƙe da ajin, da kwanan wata da hatimi. Ranar da zaka rubuta wa masu tallafi bayanin kanka, cikin littafin nan zaka ɗebo, don tambayarsu bata wuce me ka yi wa mutanenka kuma me zaka koma ka yi musu ba.

Ka turo min hoton sakamakonka na NCE da na sakandare in duba ko sun cika sharaɗin shiga aji biyu, in akwai gyaran WAEC ko NECO gara a sani tun yanzu kafin a buɗe fom. Maganar ejan ɗin kuma in kana jin nauyin Baba tunda har an fara yi wa shanun kuɗi, ka haɗa ni dashi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ni zan yi masa bayani da bakina. Ka gaida su Inna da maiɗakin naka, Allah ya bada damina mai albarka.