Corolla tana karkarwa a sulo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Corolla ɗina ƙirar 2005 tana karkarwa idan na tsaya a danja, kuma ta fara shan mai sosai. Kwamfutar gwajin mota ta nuna lambar matsala P0011, aka ce solinoid ɗin VVT-i ne. Zan iya canja shi da kaina a gida? Daga mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Za ka iya, amma kafin ka sayi komai, zaro sandar gwajin baƙin mai ka duba. Solinoid ɗin nan baƙin mai yake turawa ya juya lokacin buɗewar bawul, saboda haka mai da ya ragu ko ya yi kauri da ƙurar hunturu kan jawo lambar nan ko da shi lafiyarsa ƙalau. Abin da ke ba ni takaici ke nan, mutum ya kashe kuɗi alhali juyen mai kawai motar ke nema.

Idan baƙin man lafiyarsa ƙalau, bari inji ya huce, ka cire kan batir, ka zare soket ɗin solinoid ɗin, ka kwance noti mai lamba 10 ka jawo solinoid ɗin a hankali. Auna shi da mitar gwajin lantarki; in lafiyarsa ƙalau, za ta nuna tsakanin om 6.9 da 7.9. Taɓa masa wutar batir na ɗan lokaci, ka ji ya yi ƙas. In ya yi shiru, ya mutu. Akwai ƙaramar matatar mai a jikin inji ƙasa da solinoid ɗin, ka wanke ta da fetur. Sabon kuwa, shafa wa robarsa baƙin mai kafin ka tura shi.