Zaman ƙasar waje yana canza mutum kuwa?

Malam, ka tambaya ko komawa wani birni a ƙasar waje yana canza mutum. Yana canzawa kam, amma ba ta inda kake zato ba. Ni dai ba aiki ne ya ba ni wuya ba, kaɗaici ne. A Landan, cikin Disamba, kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Ka dawo cikin duhu, ka buɗe ƙofa, babu mai ce maka sannu da zuwa. Dole ta sa na koyi fara yi wa maƙwabci magana, ni da kunya ke hana ni ɗaga kai. Kuma ka shirya, ran da ka je gida hutu, kai ma za ka ji kanka kamar baƙo.