Tambaya da Amsa: An Daina Ƙera Shi, In Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Jos, na daɗe ina sha'awar manyan baburan nan masu dogon ƙaho da ake zama a kansu a kishingiɗe. Wani dillali a Abuja ya nuna min Yamaha DragStar 650 tokumbo, ƙirar 2004, kuma kuɗin bai fi ƙarfina ba. To amma yayana ya ce kada in kuskura, wai kamfanin ya daina ƙera shi, ranar da wani abu ya lalace sai dai in jingine shi a zaure. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga mai karatunku, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Yayanka ya yi gaskiya, an daina ƙera shi, amma maganar jinginewa a zaure ban yarda da ita ba. An daɗe da daina haɗa Peugeot 504 a Kaduna, ka taɓa jin mai ita ya rasa kayan gyara a kasuwar Dilimi ta Jos? Abin tambaya shi ne guda nawa aka ƙera, kuma shekara nawa aka yi ana ƙerawa.

A nan DragStar 650 ya yi sa'a. Tun ƙarshen shekarun 1990 Yamaha take fitar da shi, a Amurka da sunan V Star 650, har zuwa wajen 2016, kuma a tsawon lokacin nan injin bai sauya wani abin kirki ba. Shi kansa injin daga wani tsohon babur na Yamaha, Virago 535, aka gado shi. Don haka fulogi, filtar baƙin mai, farantin kuloci da takalmin birki duk suna nan jingim a duniya, wasu kamfanoni ma har yau suna buga su. Ba lalacewa ce ta sa aka daina shi ba, dokokin hayaƙi na Turai da Japan ne suka yi ta kawar da babura masu kafireto. Da a ce babur ɗin Amurka mai suna Victory ka ambata min, da na ce ka bi maganar yayanka: kamfanin Polaris ya rufe shi gaba ɗaya a watan Janairun 2017, ya yi alkawarin kayan gyara na shekara 10 kacal, kuma dama can ba su yi yawa ba.

Abin da ya sa nake son wannan babur a ƙasarmu shi ne rashin fitinarsa. Ba shi da lagireto, iska ce take sanyaya shi. Ba shi da sarƙa, sandar ƙarfe ce take juya tayar baya, ƙurar hunturu ba ta da abin ci. Kafireto biyu gare shi, waɗanda makanike mai natsuwa zai iya kwancewa ya wanke ba sai an jona kwamfuta ba. Kujerarsa ƙasa-ƙasa ce, ko gajere ƙafarsa tana taka ƙasa. Sannan faɗuwar farashi, waɗanda suka riga ka hawa sun riga sun ɗauke maka ita.

Ni abin da nake ji maka tsoro shi ne shi wannan ɗin da aka nuna maka. Babur na 2004 ya haura shekara 20, kuma irin waɗannan a Turai zama suke yi a gareji rabin shekara saboda sanyi. Zama kuwa ya fi tafiya kashe babur. Kada ƙyallin ƙarfe da ƙarancin lamba a mita su ruɗe ka. In daga Amurka ya zo ma, mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba.

Ka ce wa dillalin kada ya tayar da shi sai ka iso. Ka taɓa injin da hannunka, in ka ji da ɗumi, to an riga ka. Babur ɗin da yake gardamar tashi da safe a zafin Abuja, me kake tsammani zai yi a Jos a watan Disamba? Ka buɗe tanki ka haska tocila, in akwai tsatsa za ta yi ta toshe maka kafireto har ka gaji. Ka dubi gefen taya, akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2314, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2014. Taya irin wannan ko zanenta bai goge ba, ta bushe, kuma ba ita za ka amince wa a gangaren Hawan Kibo ba. Tayar baya 170/80-15 ce, ba a samunta wajen masu kayan Boxer da Jincheng, sai an yi oda daga Legas. Ka tambayi farashinta kafin ka yi tayi, ka cire shi daga kuɗin babur.

Akwai kuma ciwon da aka san wannan ƙirar da shi. Haƙoran da suke haɗa sandar nan da giyar tayar baya suna cinyewa idan giris ya bushe. Ka je da makanikenka ya cire tayar ya duba. Awa guda ce za ta tafi, amma ta fi a ce kana tsakiyar hanya injin yana ƙara babur ba ya motsi. Na ce makanikenka, ba wanda dillali ya kira ba.

Takardu kuma babu sasanci. Lambar casis da ke wuyan babur ta dace da ta takardar kwastan harafi da harafi. In an ce maka "za a kawo daga baya", ka riƙe kuɗinka sai an kawo. Ka yi lamba da sunanka, ka mallaki lasisin babur mai ajin A, ka sa hular kwano. Da Jos da cikin garin Abuja duk akwai dokar hana acaɓa, kuma ba kowane mai tare hanya ba ne yake tsayawa bambance naka da na haya sai ya ga takarda.

Yanzu sai abin da ba ka faɗa min ba: kana da wani abin hawa? In wannan ne kaɗai zai riƙa kai ka ofis, ban ba ka shawara ba. Nauyinsa ya haura kilo 200, juya shi a lungunan Unguwar Rogo aiki ne. Cikinsa yana kusa da ƙasa, kowane tudun rage gudu sai ka lallaɓa. Lita ɗaya tana kai shi wajen kilomita 20 ne, mai Boxer zai yi maka dariya, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Kuma in ƙaramin abu na wuta ya ƙone, kana iya jiran makonni kafin ya iso. Amma in kana da na yau da kullum, wannan na hawan Asabar ne zuwa Riyom ko Pankshin, to ka saya in ya ci jarrabawar nan, ka kuma ware kuɗin taya biyu, batir da wankin kafireto tun ranar farko.

Ranar ɗauko shi, ni dai a bayan akori-kura zan ɗora shi zuwa Jos. In kuwa ka dage sai ka hau, ka sani ba shi da mitar mai, tankinsa lita 16 ne, sai ɗan makunnin man ajiya a gefen hagu. Ka cika shi a Akwanga kafin ka fara hawan dutse.